Yadda Na Kafa wa Jirgina Ɗan Duba

Bari in faɗi wautata da bakina tun kafin wani ya faɗe ta a bayana. Ni ne mutumin da ya sayar da bijimin da ya kiwata damina biyu, ya sayo na'urar da ba ta jin komai sai Turanci, alhali Turancina bai wuce na gaida ɗan sanda ba. Kuma ba don na taɓa ɓata a ruwa na saye ta ba. Ɗan gwaggona ne yake da irinta, tasa 'yar ƙarama, ni kuwa na ci alwashin sai tawa ta fi tasa girma. Ta kuwa fi. A duk abin da na sa rai za ta yi mini, wannan kaɗai ta cika.

Mu masunta ne kaka da kakanni, gidanmu yana bakin gulbin Gagare, kusa da Ƙaura. Da damina mu noma gero da dawa kamar kowa, mu ɗan taɓa kamun kifi in gulbi ya kawo. In an gama kaka, gulbin ya koma rairayi da 'yan kududdufan da ko akuya ba ta shakkarsu, sai mu ɗaure ragarmu mu bi ta Shinkafi mu tafi dam ɗin Goronyo. Jiragenmu suna can ajiye wurin mutanen gari. Mu kafa bukkoki a bakin ruwa, mu zauna har zafi ya shigo. Da aka yanke mana jiha sai ruwan ya tsaya cikin Sakkwato, mu muka faɗo Zamfara, amma ba wanda ya je ya gaya wa kifi, don haka muka ci gaba da zuwa.

Ruwan dam ba kamar gulbi ba ne. In ka kai tsakiya, ko'ina ka juya iri ɗaya ne, kuma a ƙarƙashinka akwai gonaki da kwaruruka da itatuwan da ruwa ya cinye. Wanda bai san inda suke ba, ko dai ya shimfiɗa raga inda ba kifi, ko ya shimfiɗa ta kan busasshiyar tsamiya ta yage. Ni na san su. Da ido nake aunawa: in giginyar can ta hau kan ƙoƙon tsaunin can, hasumiyar masallacin ƙauye kuma ta ɓuya bayan kuka, to ka iso, saki raga. Saboda haka kullum da safe, in an idar da salla an taru bakin jirage, ni ake juyowa a tambaya:

“To, ina munka nuhwa yau?”

Ba ni da sarauta, ko mai unguwa ba a taɓa yi a gidanmu ba. Wannan tambayar ita ce rawanina. Kuma ba na amsa ta da gaggawa. Sai na ɓare goro, na dubi sama, na tsoma hannu cikin ruwa kamar mai jin zazzaɓin yaro, alhali tun jiya na san inda za mu. Mutum takwas, goma, manyan magidanta, suna tsaye da filafilin tuƙa jirgi a hannu suna jiran bakina. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai gane abin da ya same ni ba.

Akwai kuma wuri ɗaya da ba na kai kowa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi sana'ar su a yankin tun kafin a tare ruwan, ya san inda tsohon gulbi ya karya kwana ya haƙa gurbi mai zurfi a ƙarƙashin wata gaɓa. Nan giwan ruwa ke kwanciya. Shi ya kai ni, ya nuna mini alamominsa. Ni kaɗai nake zuwa, kuma ba na zuwa kai tsaye, sai na yi kewaye kamar mai bin bashin iska. In na shimfiɗa raga ba na barin gora a saman ruwa don alama. Dutse nake ɗaura wa igiyar ta nutse, in na dawo in jawo ta da ƙugiya. In na fito da kifin da sai mutum biyu sun ɗauka, a tambaye ni ina, in ce, “Cikin ruwa.”

Ɗan gwaggon nan nawa, can wajen Zurmi yake, kusa da Dauran. Shekara ɗaya na ba shi. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, taubashina ne, bawana kuma a al'ada, kuma da bawa nake kiransa tun muna tsirara. Shi kuma ya ce mini ubangidana, da wata irin murya da in ka ji ka san zagi ne. Mutum ne mai sanyi, ba ya gardama, dariyarsa ma ba ta da ƙara. Shekara da shekaru jirginsa na bin bayan nawa, ban taɓa jin ya ce ga inda ya fi ba.

To, sabuwar jiha ta zo da ma'aikata iri-iri. Wata damina wani mai awon ƙasa ya sauka wajensu, ana neman inda za a haƙa rijiyoyin burtsatse. Gulbin Bunsuru ya cika, mota ba ta ƙetarewa, sai bawana ya riƙa fito da shi safe da yamma har aikin ya ƙare. Da zai tafi, ya ce an ba shi sabuwar na'ura a wurin aiki, ya ciro tsohuwar tasa ta kansa ya ba shi, ya zauna ya koya masa.

Ranar da muka haɗu a tashar Shinkafi za mu dam, sai na ga wani abu rawaya yana reto a ƙirjinsa, bai fi tafin hannu ba.

“Bawa, mine ne wanga ga wuyanka? Laya ka koma ratayawa da tsuhwanka?”

“Ubangidana, ba laya ba ce. Ji-fi-es sunanta. In ka ajiye wuri cikinta, ko bayan shekara sai ta maishe ka.”

“Au, ɗan duba ka samu.”

Aka yi dariya, na ji daɗi. Sunan ya bi ta, har yau a wajenmu ba mai ce mata wani abu sai ɗan duba. Ban san na raɗa wa abin da zai tuɓe ni suna ba.

Mako na farko ba abin da ya canja. Ina gaba, yana baya, duk inda na ce a saki raga sai in ga ya sunkuya ya danna wani abu. Na ɗauka wasa yake. Sai wata safiya ta sanyi tururi ya tashi kan ruwa ya rufe ko'ina, ba giginya ba tsauni, ko bakin jirginka da ƙyar kake gani. A da, in aka yi haka, zama ake yi har rana ta ɗaga, kifin da ke raga ya fara laushi. Na zauna na ciro gorona. Sai na ji bawana ya ce a hankali, “Wanda ka so shi biyo ni.” Mutum uku suka bi shi. Kafin tururin ya watse sun dawo da kifinsu, har sun fara sa wa a wuta.

Washegari aka taru bakin jirage. Na ɓare goro, na dubi sama. Aka yi tambayar, da kalmominta yadda aka saba, amma fuskokin ba ni suke kallo ba.

Na haɗiye goron nan ban tauna ba. Shi kuwa, don ya ƙara ƙona ni, sai ya juyo ya ce, “A tambayi ubangidana mana.” Sadaka ke nan ya ba ni da abina. Na ce su tafi inda ɗan duba ya ce, ni cikina ke ciwo. Duk wuraren da ya kai su nawa ne, ni na nuna su, shi dai ya kwashe ya zuba cikin abin wuyansa. In ya yi dariya sai in ji da ni yake. In ya yi shiru sai in ce raini ne. Hatta tarin da yake yi da safe sai na ji ya canja, ya koma irin na masu hali.

Abin da na yi bayan wannan, na daɗe ban gaya wa kowa ba.

Lokacin an ƙaddamar da Shari'a a Gusau ba da daɗewa ba, gari ya ɗauki zafi. Masu bugun ƙasa sun kife faifansu, bokaye sun koma sayar da maganin basir, kowa na gyara gemu yana duban na maƙwabcinsa. Bayan mun dawo gida aka yi suna a dangin gwaggo, na je Zurmi. Da aka idar da la'asar na laɓe har mutane suka ragu, na matsa kusa da limamin unguwarsu, wani dattijo mai raunin gani da kaifin baki.

“Allah gafarta malam, tambaya gare ni, ba don kowa ba. Mine ne hukuncin mutumin da ka yawo da abin da ka hwaɗa mai abin da ido bai gani ba? Har mutane na ce ma abin ɗan duba.”

Ban yi ƙarya ba, ku shaida. Ban dai ce ni na raɗa sunan ba.

Liman ya gane da wa nake, ya ce a kira bawana. Kafin ya iso, waɗanda suka fita sun dawo, waɗanda ba su yi salla nan ba ma sun zo. Na koma bayan ginshiƙi ina jan carbi. Bawana ya zo ya durƙusa, ya ciro abin ya miƙa. Liman ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya sansana.

“Shina hwaɗin abin da za shi faruwa gobe?”

“A'a, malam.”

“Shina hwaɗin wanda yas saci akuya?”

“A'a. Inda kake shika hwaɗi, da inda ka taɓa zuwa. Wasu taurari na ƙarhe da anka harba sama, su shika saurare.”

“Inda kake, da inda ka taɓa zuwa,” in ji liman. “To ai wanga ko jakina ya sani, kuma ba a kai shi gaban alƙali ba.”

Da a nan aka tsaya da na tsira da sauran mutuncina. Sai bawana ya ce, mai awon ƙasan da ya ba shi ya ajiye Makka a ciki, duk inda ya sauka a daji da ita yake gane alƙibla. Liman ya miƙe da kansa, aka fita fili, don abin ba ya aiki ƙarƙashin rufi kuma sai ana tafiya kibiyarsa ke daidaita. Ga liman, ga bawana, kafaɗa da kafaɗa suna taku, jama'a na biye kamar ana rakiyar ango. Kibiya ta tsaya cak inda mihirabin masallacin ya fuskanta. Masallacin kuwa kakan liman ne ya ja layinsa da sanda. Tsoho ya fashe da kabbara, har da hawaye. Ya kama hannun bawana ya yi ta sa masa albarka, sa'an nan ya ce, “Ina bawan Allahn da yat tada maganar ga? Allah shi saka mai, ya sa mun ƙaru.”

Aka nuno ni bayan ginshiƙi. Na ce amin.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Ni har gona na kai takin, a kaina, na kuma watsa masa. Daga ranar, duk ƙauyen da za a ja layin sabon masallaci, kuma lokacin ko'ina ginawa ake yi, sai an aiko a ɗauke shi. Gidan gaba ake sa shi a mota. Wasu har malam suke ce masa, mutumin da tare muka gudu daga makarantar allo muka tafi kamun tarwaɗa.

Na dawo Ƙaura na kwance bijimina.

A kasuwar Shinkafi akwai wani Alhaji da ke zuwa Kwatano yana kawo kayan gwanjo, rediyo da injin ban-ruwa da fitilun mota da abubuwan da shi kansa sai ya kawo yake tambayar amfaninsu. Na kwatanta masa abin da nake so. Bayan 'yan makonni ya aiko in zo ranar Alhamis. Na iske ya shimfiɗa buhu ya ajiye guda biyu. Ɗaya ƙarama, baƙa, kusan irin ta bawana. Ɗayar kuwa, Allahu Akbar. Fuskarta ta kai faifan rufe fura, ga ƙafar ƙarfe, ga wayoyi kamar hanjin rago, ga wani farin abu kamar an kife ƙaramar ƙwarya, wai shi ne kunnenta. Ina ganinta na ji zuciyata ta kwanta. Amma na daure na yi tambaya irin ta masu hankali.

“Alhaji, wace ta hi dacewa da masunci?”

Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ɗaga ƙaramar. Ya ce wannan batirin ƙaramar rediyo take ci, ko'ina ana samu, ka sa ta aljihu ka tafi, ka dawo da ita gida ka kwana da abarka. Aibinta, rubutunta ƙanana ne, mai tsohon ido sai ya ƙanƙance, kuma in ta suɓuce a tsakiyar ruwa sai dai ka yi mata addu'a. Babbar kuma daga jikin wani jirgin teku aka kwance ta. Ba ta faɗawa ruwa tunda kafe ta ake yi, fuskarta ko daga nesa ka gani. Amma sai da batirin mota, sai da wurin kafawa, kuma inda jirgi ya kwana nan take kwana.

“Jirgin naka shina da inji?”

“Shina da ni.”

“Sitiyari fa?”

“Filafili.”

“Rumhwa? Don ba ta son rana, ba ta son ruwan sama.”

“Ina da malafa.”

Ya dube ni, ya tura mini ƙaramar da ɗan yatsa. “Baba, ɗauki wagga. Wallahi ita ad daidai da kai. Waccan ko ni nauyinta ya ishe ni.”

Na juya ƙaramar a hannuna. Ta yi daidai da tafina kamar don ni aka yi ta. Na san gaskiya ya faɗa. Sai na hango kaina na isa bakin dam da ita a wuya, mutane na cewa, a'a, ubangida ya yi koyi da bawansa. Na ajiye ta.

“Alhaji, ka san ta mutumin Zurmi, mai auna masallatai? Cikin biyun ga wace ta hi tashi?”

Ya fara naɗe wayoyin babbar. “Au. Ai da ka hwaɗa min tun farko ba jirgi za a sai ma ita ba.”

Saura koyo. Wanda ya iya Turanci a kusa da ni shi ne mijin ɗiyata ta fari, malamin firamare a Sakajiki. Ga kuma kunya: tunda ya auri ɗiyata ba mu taɓa haɗa ido ba, in ya hango ni a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Na aika ya zo. Aka ajiye na'ura tsakiyar zaure da batirin da na saya wurin masu gyaran mota. Ya durƙusa can gefe kansa a ƙasa, ni na juya fuska ina kallon bango. Ya miƙo hannu da ƙyar yana cewa, “Baba, in an danna nan, sai nan ya fito.” Ni kuwa ban ga nan ɗin ba, don in na duba kawunanmu za su haɗu. Duk abin da ya ce sai in ce wa bango, “Na gane, madalla.” Shi ya san ban gane ba, ni na san ya sani, amma wane suruki ne zai ce wa uban matarsa a sake? Da zai tafi dai ya roƙi fenti, ya ɗiga a kan maɓalli uku. Ja na kunnawa, fari na ajiye wuri, shuɗi na komawa. Iyakar karatuna ke nan, kuma ya fi wanda na yi a yaƙi da jahilci.

Wani mai walda a Ƙaura ya yi mata gindi, na kai ta dam cikin bargo kamar jinjiri. Na kafe ta a kan katakon zama na tsakiya, kunnen kuma na ɗaure shi a kan gora ya yi sama. Ranar kam na ga abin da nake so. Har mutanen gari suka zo kallo. Na danna ja, ta yi ƙara, fuskarta ta kawo haske. Na nemi bawana cikin taro na ce, “Bawa, matso ka ga uwar taka.”

Ya matso, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Aka tura jirgin cikin ruwa yana ciki, muka ɗan yi nisa. Sai ya ɗaga murya yadda na gaɓa za su ji, shi da ba ya ɗaga murya:

“Ubangidana, sauka ka tura. Ta ce bisa tudu muke.”

Haka ne kuwa. Taswirar da ke cikinta ta tekun wasu mutane ce. Wajenmu ba ta san an tare ruwa ba, fili kawai ta nuna, da ɗan jirgina yana tafiya a kan ƙasa kamar jaki. Dariyar da aka yi a gaɓa har tsuntsaye suka tashi.

Sauran aibobin a hankali suka fito. In rana ta ɗaga ba ka ganin komai a fuskarta sai ka cire hula ka yi mata inuwa, kai ka ƙone. Batirin ya danne jirgin, ƙaramar igiyar ruwa sai ta leƙo ciki, rabin aikina ya koma kwarfar ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai wuta ta ƙare, in kwance shi in ɗauka a kafaɗa zuwa cikin gari wurin mai janareta, in dawo da shi. Ruwansa ya cinye mini riguna biyu. Kuma ba wanda ya taɓa aikowa a ɗauke ni auna masallaci, don sai an haɗa da jirgin. Da safe tambayar nan dai shi ake yi wa. Tawa in an zo wucewa sai a ce, “Ina kwana, ya mai tudu?”

Abu ɗaya ya rage mini, gurbin mahaifina. Shi ba ya cikin abin wuyan kowa. Na ƙara yawan zuwa, kuma duk kifin da na fitar sai na bi da shi ta gaban bukkar bawana, ko da hanyar ba ta nan take ba. Wata rana ina kan gurbin na dubi farin maɓalli, na ce bari dai ita ma ta yi aikin kuɗinta sau ɗaya. Na danna. Washegari na danna shuɗi, kibiya ta fito, na bi ta, ta kai ni daidai, ƙugiya ta kama igiya a jifa na farko. Ranar na yafe mata rabin laifinta.

Ba a yi mako ba, na shimfiɗa raga a gurbin da yamma, na dawo na kwance batir don in kai shi gari. Na sunkuya, na ɗaga, na yi taku kamar goma. A daidai bayan bukkata wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Batir ya faɗi gefe, ni na faɗi gefe. Da jan ciki na shiga bukka.

Kwana biyu ina kwance, ko juyi sai an juya ni. Mai ɗori ya zo ya murza, ya ce ba karaya, amma kada in kuskura in tashi. Ragata kuwa tana can ƙarƙashin ruwa, sabuwa, ba gora a sama, ba wanda ya san inda take. Kifin da ta kama zai ruɓe ya jawo kunkuru su yayyaga ta. Mutane suna shigowa gaisuwa suna cewa, faɗi wurin a ɗauko maka. Ina cewa gobe zan tashi.

A rana ta uku da hantsi bawana ya shigo. Ya tsuguna, ya dube ni, ya dubi ƙugun.

“Ubangidana, raga ba ta kwana ukku. Ba ni jirginka.”

Na yi ta kallon rufin bukka. In na hana, raga ta tafi. In na ba shi, gurbi ya tafi, don yana ganin lambobin zai kwashe su ya zuba cikin tasa. Na auna, na sake aunawa. Da ƙyar na ce, “Ja, sa'an nan shuɗi. Ka bi kibiya. Kada ka dubi dama, kada ka dubi hagu. Kuma in ka kwashe mani wuri ban yahe ba.”

Ya ce to, ya fita.

Ban taɓa jin tsawon hantsi irin na ranar ba. Ina kwance ina ganinsa a zuci, yana kan gurbina yana murmushin nan nasa, yana danne-danne. Na ga gobe ya kwashi mutane ya kai su, na ga ana ce masa sarkin ruwa. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa dangi in mun koma gida.

Kafin azahar na ji hayaniya. Ya shigo da raga a kafaɗa, ba inda ta yage, mutum biyu na biye da shi da giwan ruwa, ɗaya ta fara laushi, ɗaya da ranta. Ya sa aka jingina ni jikin ƙofa don in gani. Ina jingine ina neman abin da zan kushe, sai idona ya faɗa bayan zana. Ga batir nan kwance a gefensa inda na yar da shi, har kaza ta yi kashi a kai. Ba wanda ya mayar da shi jirgi. Na'urata ko ƙyaftawa ba ta yi ba ranar.

Na jira mutanen suka fita.

“Ashe haka kake, bawa? Ashe tuni kana bin sawuna da ɗan dubanka? Tun yaushe kas sace mani gurbin?”

Ya nuna sama da haɓa. Na ɗaga kai. Ga abin nan rawaya yana reto a jikin dirkar bukkata, daidai saitin inda kaina yake tun safe. Ya rataye shi ne lokacin da ya tsuguna gaishe ni, ni ina ta kallon rufi ban gani ba.

Ya miƙa hannu ya sauke shi, ya mayar wuyansa. Ya tsuguna ya fara warware ragar yana cire ciyawa, kansa a sunkuye, kamar mai ba da labarin farashin gero.

“Kawu, mahaifinka, shi ya kai ni wurin nan tun shekarar da anka tare ruwa. Yac ce in bar maka shi, kuma kada in bari ka sani, don kai ba ka iya cin tuwo in ka san akwai wani hannu cikin akushin.”